Inji na juyawa, mota ta ƙi tashi: Ciwon tsofaffin a-kori-kura masu shan dizal a Maiduguri

Da sanyin safiyar watan Janairu a Tashar Muna, inda motocin Dikwa da Gamboru Ngala ke lodi, akwai wata ƙara da duk wanda ya saba da wurin ya sani: direba ya murɗa makulli, inji ya yi ta gurnani yana juyawa, amma ya ƙi kamawa. An riga an ɗaure buhuna a baya, fasinjoji sun hau kan kaya. A wani gari wannan ɓata lokaci ne kawai. A Borno kuwa, inda hanyoyin fita daga Maiduguri ke cike da shingayen sojoji, kuma ake rufe su kafin dare, motar da ta makara da awa biyu tana iya rasa tafiyar ranar baki ɗaya. Abin da ya fi wannan muni shi ne ta tashi da ƙyar, ta je ta mace a inda babu mai son yamma ta riske shi.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci tsofaffin Toyota Hilux ne masu injin 2L ko 3L ko 5L, waɗanda famfonsu na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Tun injin farko da Rudolf Diesel ya yi nasarar tayarwa a Jamus a 1897, dabarar ɗaya ce: fistin ya matse iska har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Don haka in inji yana juyawa bai tashi ba, ko dai mai bai iso ba, ko ya iso bai tarar da isasshen zafi ba, ko kuma ya iso ba a kan lokacinsa ba.

Gogaggen bakanike ba ya fara ɗaukar sifana. Bayan mota yake zagayawa, ya sa a murɗa makulli, ya zuba wa salansa ido. In farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal yana fita, mai yana shiga, ƙonewa ce ba ya yi. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai isa silinda ba. Wannan kallo na ɗan lokaci ya raba aikin gida biyu, kuma kyauta ne.

Farin hayaƙi shi ne ciwon hunturu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, mota tana iya tashi ko da hitocinta sun mutu, mai ita bai sani ba. Sai Disamba ta shigo, sanyin asuba ya ratsa ƙarfe, asiri ya tonu. Hita ɗaya ce a kowace silinda, kuma ana gwada su ɗaya bayan ɗaya, tare da rilen da ke ba su wuta. Batir ma yana da nasa laifin: yana iya kunna fitila tar, ya kuma juya inji, amma juyawar kasala wadda ba ta tara zafi. Sau da yawa kan batirin ne ya yi tsatsa ko wayar ƙasa ta saki. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, domin sitata na ƙonewa.

In babu hayaƙi, abin da za a fara saurara shi ne ɗan solenoid da ke jikin famfo, wanda ke buɗe wa mai hanya. Idan an kunna makulli yakan yi ƙara “ƙas”. Waya ɗaya ce tak ke ba shi wuta, kuma katsewarta ko ƙonewar fiyus ya isa ya kwantar da mota mai ƙoshin lafiya. An sha kwance famfo a kai wa masu gyara a kan laifin wannan waya.

Sai iska. A saman matatar mai akwai ɗan famfon hannu. Idan ana dannawa ya ƙi yin tauri, iska na shiga ta wani wuri. Zafin rana yana busar da tiyon roba har ya tsattsage, tsagar da ba ta ɗigar da mai amma tana zuƙar iska, sai man ya sulale ya koma tanki cikin dare. Shi ya sa wata motar ke tashi lafiya duk yini, da safe ta ƙi. Hanya mai sauƙi ita ce a ba matata mai kai tsaye daga galan mai tsabta. In ta tashi, laifin yana tsakanin tanki da matata. Wanda zai sassauta bututun nozul don fitar da iska ya nisanta hannunsa, saboda ƙarfin feshin yana huda fata.

Amma babban abokin gabar waɗannan motoci shi ne man kansa. Tun da litar dizal ta haura naira 1,000, kuma a garuruwa da dama na jihar sai dai a saya a jarka wajen ’yan bumburutu, abin da ke shiga tanki ba koyaushe ba ne dizal zalla. Akwai ƙura, akwai ruwa, wani lokaci da gaurayen kananzir, wanda ba shi da maiƙon da famfo ke buƙata. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututu ke zuƙa. A gindin matata akwai ɗan marfin da ake sassautawa a zubar da shi, aikin da bai kai minti biyar ba, amma kaɗan ne direbobin da suka mayar da shi al’ada.

Ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, ta ƙara dagula lamarin. Motocin da suka kwana cikin ruwa a Gwange da kewayen Kasuwar Monday sun sha ta tanki, ta salansa, ta matatar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka wanda ya yi gaggawar murɗa makulli da ruwa a silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin. Irin wannan mota takan tashi daga baya, sai dai matsinta ya ragu har abada. Mai sayen tsohuwar a-kori-kura a garin yau yana da haƙƙin tambayar inda ta kwana a wancan mako.

Akwai ɗabi’ar jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska. Tana tayar da mota, gaskiya ne, amma fetur yana fashewa tun kafin fistin ya kai sama, musamman in hita na da zafi, kuma ringi ne ke biyan kuɗin. Bel ɗin taimin kuwa, wanda ake so a canza duk kilomita 100,000, in ya tsallake haƙori ko ya tsinke, fistin na iya karo da bawul, kuma a motar da agogon kilomitarta ya daɗe da mutuwa ba mai lissafin ranarsa.

Idan an duba duk waɗannan ba a ga komai ba, saura auna matsi da ma’auni. Ƙurar hunturu da ta shekara tana wucewa ta yagaggiyar matatar iska tana cin ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Alamarsa ita ce motar da sai an tura take tashi kowace safiya. A garuruwa masu tudu direba kan kwana da ita a kan gangare. Maiduguri shimfiɗaɗɗen gari ne, don haka sai an nemo matasa huɗu ko biyar, kuma su ma ba kyauta suke turawa ba.