Faɗuwar Hannayen Jari da Cefanen Gida: Darasin Shekarar 2008

Duk lokacin da darajar hannayen jari ta faɗi a Legas, ba masu jarin kaɗai ke ji a jikinsu ba. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da dillalin siminti su ma sukan ga alamar abin a cinikinsu, ko da ba su taɓa mallakar hannun jari ba.

Abin da ya auku a shekarar 2008 ya isa misali. Tun a 2004 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci bankuna da su ɗaga jarinsu zuwa Naira miliyan dubu 25. Bankunan suka duƙufa wajen sayar wa jama'a hannayen jari. Ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka zuba ajiyarsu, wasu har da rancen banki. A watan Maris na 2008 jimillar darajar hannayen jari a kasuwar ta haura Naira tiriliyan 12, amma kafin shekara ta zagayo fiye da rabinta ya zube.

Magidancin da irin wannan asara ta faɗa wa, albashinsa bai ragu ba, sai dai abin da yake taƙama da shi ya tafi. Saboda haka yakan fara da jingine abin da zai iya jira: gini ya tsaya, a fasa canza mota, a rage kayan ɗakin amarya, a ɗage aikin Hajji. Abinci da kuɗin makaranta su ne na ƙarshe da yake taɓawa.

Wanda ya ci bashi ya sayi hannun jari ya fi kowa shiga uku, domin jari ya narke amma bashi na nan da ruwansa. Irin waɗannan basussuka na cikin dalilan da suka sa Malam Sanusi Lamido Sanusi, Gwamnan Babban Bankin na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agusta na 2009.

Darasi ga ɗan kasuwa shi ne, da zarar ya ji kasuwar jari ta rikito, ya rage saro kaya masu tsada, ya kuma taƙaita bayar da kaya bashi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.