Turancin "idan": yadda za mu rubuta shirin ko-ta-kwana

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara na tsawon makonni. A watan Agusta na 2024 kuma ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi. Mu ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum mun san cewa a irin wannan rana ba a samun lokacin shawara. Tun da wuri ake cewa, "Idan kaza ya faru, ga abin da za mu yi." To, yaya ake faɗin haka da Turanci?

Na farko shi ne abin da zai iya faruwa gobe. Bayan if aikatau yana zuwa a sigar yanzu, sannan will ya biyo: If the river rises, we will move to higher ground. Ma'ana, idan kogi ya cika, za mu koma kan tudu. A nan muke yawan tuntuɓe. Da Hausa cewa muke "idan ya cika", kamar abin ya wuce, sai mu rubuta rose a maimakon rises. Mai duba takardar WAEC ko NECO zai ja wa wannan layi.

Na biyu shi ne unless, wato "sai dai idan": Stay in class unless the teacher tells you to leave. Ku zauna a aji, sai dai idan malam ya ce ku fita. Ba a ƙara masa not, domin korewar tana cikinsa.

Na uku, in case ba ɗaya yake da if ba. Wanda ya ce Write your father's number on paper in case your phone dies yana nufin ka rubuta lambar Baba a takarda yanzu, tun kafin cajin wayar ya ƙare. Da if aka sa, sai bayan wayar ta mutu za ka fara neman biro.

Na huɗu shi ne "da… da…" namu, na abin da ya riga ya wuce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Da Turanci: If the ore had not been ground at home, many children would have survived. Da ba a niƙa dutsen a gida ba, da yara da yawa sun rayu. Da-na-sani ƙeya ce, amma irin wannan jimla tana nuna mana abin da za mu gyara.

Aikin wannan mako: ku zauna da mutanen gida ku rubuta jimla biyar. Ina za a haɗu idan babu waya? Wa zai ɗauko ƙanne daga makaranta idan Baba ba ya gari? Ku rubuta da Turanci, ku sa Hausar a ƙasa don kowa ya gane, sannan ku manna takardar a bango.