Yoyon Baƙin Mai A Tsohon Babur: A Gano Tushe Kafin A Kwance Inji

Daga Wakilinmu na Arewa, Tafa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, tsakanin Tafa da Sabon Wuse, zai ga tsofaffin babura suna ta kai da kawo, waɗansu ma sun girmi masu hawansu. Cikinsu akwai Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975 domin ƙasashen da babur ke shan wuya. Babur ne mai juriya, amma tsufa yakan kawo masa ciwo guda, watau yoyon baƙin mai.

Kada a raina ɗigon nan. Man da injin ke ɗauka bai wuce kamar lita 1 ba, saboda haka in ya tsiyaye a hanya sai inji ya ƙone, kuɗin gyara kuwa ya cinye cinikin watanni. In kuma man ya kai ga tayar baya, to, rai ake magana.

Kuskuren da akan yi shi ne, da an ga mai a ƙarƙashin inji sai a ce gasket ya mutu, a hau kwance-kwance. Alhali mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta tura shi baya, don haka inda ya taru ba nan ne ya fito ba. Gwanin bakanike sai ya fara wanke injin da kananzir, ya bari ya bushe, ya barbaɗa hoda, sa'an nan ya tayar da shi na ɗan lokaci. Wuri mafi sama da hodar ta jiƙe, nan ne tushen.

In daga murfin saman inji ne, aikin mai sauƙi ne. In tsakanin kan inji da silinda ne, aka kuma ji huci, aka ga baƙin toka, ƙarfi ya ragu, to, babban gasket ne ya ƙone. In kuwa man yana fitowa ta bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, ko gindin giya, ko gindin kik, robar nan da ake kira oyil sil ce ta bushe. Amma a lura, man da aka zuba wa sarƙa yakan fantsama ya yaudari mutum. Shuɗin hayaƙi daga salansa kuwa yawanci ringi ne ya ci, ba gasket ba.

Har wa yau a duba bututun da inji ke numfashi da shi. Ƙurar hunturu takan toshe shi, iska ta matse a ciki ta turo mai waje, ko da an sa sabon sil. Haka nan cika mai fiye da ƙa'ida.

In an zo sa sabon gasket, a kankare tsohon tas, a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaura da shi, kada a matse har zare ya lalace. A guji lafta gam, domin gutsurensa yakan toshe hanyar mai.

To, jama'a, kowace safiya a duba ƙasan da babur ya kwana. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.