Tiyatar Fatar Ido: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Tun a 1896 wani likita ɗan Japan, Mikamo, ya bayyana yadda ake ɗinke fatar ido don a samar mata ninki. A yau tiyatar ta zama kasuwa, musamman a Koriya ta Kudu, kuma masu tallarta kan kira ta ƙaramin aiki. Ni kam ban yarda da wannan suna ba.

Mai karatu ya dubi yadda ake yin ta. A fatar sama, likita kan tsaga cikin ninkin, ya rage fata da kitse, tabon ya ɓuya a nan. A ta ƙasa kuwa, ko ya tsaga dab da gashin ido, ko ya bi ta ciki, inda tabo ba ya bayyana. Akan cire zare cikin kwana 5 zuwa 7, kumburi ya sauka bayan kamar mako 2, amma tabo kan yi watanni kafin ya dusashe, kuma a baƙar fata yakan yi duhu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, fatar da aka yanke ba ta tsirowa. Idan aka zarce kima, ido ba zai rufu sosai ba, sai ya bushe, har ya yi gyambo.

Saboda haka, wanda fatar idonsa ta zubo har tana tare masa gani, lalura ce, ya nemi likitan ido. Mai neman kwalliya kuwa, ya fara tambaya: idan aikin ya ɓaci, wa zai gyara?