Ɗan Canjin Da Ba Ya Barci

Yanzu akwai masu rubuta wa kwamfuta ƙa'idodin ciniki, su haɗa su da dandalin canjin kuɗi irin MetaTrader 4, wanda ya fito cikin 2005. Ƙa'idodin su duba farashi su ba da alama, dandali ya saya ko ya sayar, mai dukiya yana barci.

Amma fa na'ura lissafi kaɗai ta sani. Ran 15 ga Janairu 2015 Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa ta farank 1.20 a kan yuro guda. Nan da nan farank ya yi tsada, umarnin tsai da hasara ya rasa mai karɓa, waɗansu suka wayi gari da bashi. To, malamai, kada kowa ya danƙa wa na'ura kuɗin cefanen gidansa.