Abin Da Kirista Ke Nufi Da Alheri: Labarin Niyuton Da Abokinsa Kufa

A cikin maganarmu ta kullum, alheri shi ne kyautar da mutum ya yi wa ɗan'uwansa. Kirista kuwa in sun ce alheri suna nufin abin da ya fi haka, watau gafara da karɓa waɗanda Allah ke yi wa mai zunubi ta wurin Yesu Almasihu, ba don mai zunubin ya cancanta ba. Lada sai an yi aiki, alheri kuwa ba a sayensa. To, 'yan'uwana, bari in bayyana yadda abin nan ke aiki a zuciyar da ta karye, da labarin waɗansu Turawa biyu na ƙasar Ingila.

Na fari sunansa Jon Niyuton, an haife shi a Landan cikin 1725. Uwarsa mai ibada ce, amma ta rasu tun bai cika shekara 7 ba. Yana ɗan shekara 11 ya fara bin ubansa cikin jirgin ruwa. Ya tashi ba kwaɓa, bakinsa cike da saɓo. Aka kama shi tilas aka sa shi cikin jirgin yaƙi, ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala gaban jama'a. Daga nan ya faɗa hannun wani mai fataucin bayi a wani ɗan tsibiri kusa da Saliyo. Can ciwo ya kayar da shi, matar maigidan ta wulakanta shi, har ya zama bayin gidan ne ke ba shi abinci a ɓoye.

Cikin watan Maris 1748, suna hanyar komawa gida, hadari ya taso wa jirginsu, ruwa ya yi ta shiga. Niyuton na aikin fitar da ruwa sai ya ji bakinsa ya roƙi jinƙan Ubangiji, shi da ya daɗe yana yi wa addini ba'a. Jirgin ya kai gaɓar Ailan da ƙyar. Har ya tsufa bai daina tunawa da ranar nan kowace shekara ba.

Nan ne masu ba da labarin nan su kan yi gaggawa, su nuna kamar ya sauka daga jirgi waliyyi. Ba haka ba ne. Bayan hadarin ya koma cinikin bayi, har ya zama shugaban jirgi, ya yi tafiya 3 yana ɗaukar mutanen Afirka cikin sarƙa, yana kuwa karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa, su suna ƙasa cikin duhu. Ciwo ne ya raba shi da teku cikin 1754, ba tuba ba. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa a lokacin nan bangaskiyarsa ba ta cika ba. Maɗori ya kan ɗaure karaya yau, amma mai ita ba ya taka ƙafar gobe. A ganina wannan jinkiri abin kunya ne ƙwarai, kuma waɗanda ya sayar ba su sami komi daga tubarsa ba. Sai dai da idonsa ya buɗe bai rufa wa kansa asiri ba. Cikin 1788 ya buga ɗan littafi ya tona mugun abin da ake yi cikin jiragen bayi, ya sa kansa cikin masu laifin, ya kuma ƙarfafa Wilbafos wanda ke yaƙi da cinikin nan a Majalisa.

Tun 1764 ya zama limamin coci a wani ƙaramin gari, Olni. Can ya yi abota da mawaƙi Wiliyam Kufa, wanda karayarsa dabam ce. Kufa ba shi da tarihin mugunta, ciwon baƙin ciki ne ke kama shi, har ya taɓa neman kashe kansa. Suka shiga tsara waƙoƙin ibada tare, aka buga su cikin 1779, guda 348. Wadda ake kira Amazing Grace, Niyuton ya shirya ta domin wa'azin ranar sabuwar shekara ta 1773. Cikin wannan wata kuwa ciwon Kufa ya komo da ƙarfi, ya ɗauka Allah ya yashe shi har abada, ya bar zuwa coci.

Me Niyuton ya yi? Bai ce masa ƙarancin bangaskiya ne ba, bai kuwa dame shi da wa'azi ba. Ya karɓe shi a gidansa fiye da shekara guda, shi da matarsa suna tsaronsa dare da rana. Dalilinsa shi ne, tun da alheri kyauta ne, ba ya rataye ga yadda mutum ke ji a ransa. Wanda duhu ya rufe yana hannun Allah ko da shi bai sani ba. Kufa ya sami sauƙi, ya koma ga lambunsa da zomayen da ya ke kiwo, ya rubuta mafi kyawun waƙoƙinsa bayan haka, amma tsoron nan bai sake shi sarai ba har ya rasu cikin 1800. Niyuton ya yi wa'azi a kansa, ya lissafa shi cikin masu bi na gaskiya.

Shi kuma Niyuton ya makance, tunaninsa ya raunana, amma ya ƙi barin wa'azi sai da ƙarfinsa ya ƙare. Majalisar Ingila ta hana cinikin bayi cikin Maris 1807, shi kuwa ya rasu a Landan cikin Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82.