Gus Greenlee: uban caca da ya gina wa baƙaƙen fata filin ƙwallo

A Amurkan shekarun 1930, komai gwanintar baƙar fata a ƙwallon besbol, manyan ƙungiyoyin Turawa ba sa ɗaukarsa. Baƙaƙe sun kafa nasu, sai dai ƙungiya kuɗi take ci, banki kuwa da wuya ya ba baƙi rance. Shi ya sa da yawa cikin masu ƙungiyoyin iyayen caca ne, kuma babu wanda ya kai Gus Greenlee na birnin Pittsburgh suna a cikinsu.

Cacar tasa ta lambobi ce. Lebura ko mai wanki zai sa ɗan kwabonsa ya zaɓi lamba mai alƙaluma uku, yaran Greenlee su bi gida-gida suna karɓa. Doka ta haramta, amma da ribar ya mallaki ƙungiyar Crawfords, kuma gidan shaƙatawarsa, Crawford Grill, ya zama dandalin unguwar Hill.

Abin da ya fi ci wa masu ƙungiyoyin baƙaƙe tuwo a ƙwarya shi ne haya. Filin Bature ne, ranar wasa shi zai yanka, kasonsa shi zai ɗiba a kuɗin ƙofa, sannan a hana 'yan wasa shiga ɗakin canza kaya. Greenlee ya gaji, ya gina nasa, Greenlee Field, ya buɗe a 1932. A ganina wannan ya fi duk kofunansa nauyi. A 1933 ya farfaɗo da gasar Negro National League, kuma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan Gabas da Yamma a Chicago, inda 'yan kallo ke zaɓen 'yan wasa ta jaridun baƙaƙe. Ya tara Satchel Paige, Josh Gibson, Oscar Charleston da Cool Papa Bell a ƙungiya ɗaya, kuma Crawfords ta ci gasar 1935.

Kwantiragi a wannan gasa bai ɗaure kowa ba. A 1937 wakilan Rafael Trujillo, mai mulkin kama-karya a Jamhuriyar Dominika, suka zo da daloli. Paige ya tafi, ya ja Bell, Gibson ma ya je. Ga 'yan sanda sun sako cacar gaba. Bayan kakar 1938 aka rushe filin, gwamnati ta gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi a wurin, aka sayar da ƙungiyar ta koma Toledo. Greenlee ya rasu a 1952.